Talabijin, Filin Wasa da Ranakun Makoki: Lacca a kan Yin Wasanni Bayan Bala'i

Wasa shi ne kusan abu guda da ya rage wanda mutane suke dagewa sai sun kalle shi a daidai lokacin da ake yin sa. Fim yana jiran mai shi. Wasan kwaikwayo ana iya sauke shi a waya a kalla bayan mako guda, labarai kuwa suna iske mutum ko ya nema ko bai nema ba. Ƙwallo ce ba ta jira, domin da zarar an ji wanda ya ci, wasan ya zama kwantai. Dalilin ke nan da gidajen talabijin suke zuba maƙudan kuɗi wajen sayen haƙƙin nuna wasanni. Gasar Firimiyar Ingila kaɗai ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin Birtaniya a kan fam biliyan 6.7 na kaka huɗu daga 2025, ban da abin da take samu daga sauran ƙasashe. Wanda ya sayi haƙƙin ya riga ya sayar wa masu talla da mintunan hutun rabin lokaci, masu kallo kuma sun riga sun biya kuɗin wata.

Sarƙar tana da tsawo, har ta kai rumfunan kwano na Kano da Zariya da Maraɗi. Mai gidan kallo yakan rubuta wasannin Asabar da Lahadi da alli a jikin allo tun ranar Juma'a, ya sayi man janareta, ya jera bencina, mai shayi da mai gyaɗa su kafa a bakin ƙofa. Matasan da za su cika rumfar sun gina ƙarshen makonsu a kan sa'ar da aka rubuta. Irin wannan sabo, idan aka tara shi daga miliyoyin gidaje da rumfuna a faɗin duniya, shi ne nauyin da yake hawa kan masu shirya gasa a ranar da ƙasa ta girgiza ko ruwa ya ci gari. A ranar ne tambayar take tasowa: a buga ko a ɗage? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, masu gasa kuwa sun ci ladan talabijin tun kafin a fara kaka.

Babu inda alaƙar nan ta fito fili kamar birnin San Francisco na Amurka a ranar 17 ga Oktoba, 1989. Ana shirin buga wasa na uku na ƙarshen gasar besbol tsakanin Giants ta San Francisco da Athletics ta Oakland, garuruwa biyu da gada ta haɗa. Tashar ABC ta buɗe shirinta kai-tsaye daga filin Candlestick da ƙarfe biyar na yamma. Minti huɗu da farawa, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9 ta afka wa yankin, hoto ya ɗauke a idon masu kallo a duk faɗin ƙasar. Mutum 63 suka rasu, 42 daga cikinsu a kan wata babbar hanya mai hawa biyu a Oakland, inda benen sama ya rufto wa na ƙasa. A ranar aiki irin wannan, da wannan sa'a, hanyar takan cika maƙil da masu komawa gida. Ran nan motoci sun yi ƙaranci, saboda jama'a da yawa sun tashi daga aiki da wuri don su zauna gaban talabijin. Sabon kallon wasa ya rage yawan gawarwaki. Bugu da ƙari, balan-balan ɗin da aka ɗaura wa kyamara don ya ɗauki filin wasa daga sama shi ne ya koma yana nuna gadar da ta karye da gobarar da ta tashi a unguwar Marina, mai sharhin wasan Al Michaels kuma ya kwana yana aikin ɗan jarida.

Shugaban gasar, Fay Vincent, ya ɗage wasan. Magajin garin San Francisco, Art Agnos, ya so a jinkirta fiye da yadda masu gasar suka so, daga bisani aka tsaya a kan kwana goma, aka koma fili ranar 27 ga wata bayan injiniyoyi sun duba ginin. Athletics ta ɗauki kofin, amma 'yan wasanta sun haƙura da shagalin fesa barasa da aka saba yi. Mutane da yawa suna kawo wannan a matsayin misali na yadda ya kamata a yi, kuma akwai gaskiya a ciki: an jira an gama neman masu rai, an saurari hukumar gari, an rage shagali.

Abin da ya faru a Meziko shekara huɗu kafin nan ya fi rikitarwa. Girgizar ranar 19 ga Satumba, 1985 ta kama birnin da ƙarfe bakwai da minti goma sha tara na safe, ana tsakiyar shirin safe na tashar Televisa, mai gabatarwa Lourdes Guerrero tana ƙoƙarin kwantar wa masu kallo hankali har hoto ya mutu. Wani ɓangare na ginin tashar ya rushe a kan ma'aikata. Dubban mutane sun mutu a birnin, kuma har yau jama'a ba su yarda da ƙidayar gwamnati ba. Saura wata takwas a buɗe gasar cin kofin duniya ta 1986, wadda Meziko ta karɓa bayan Kolombiya ta janye. Filayen wasa ba su taɓu ba, don haka aka yi sauri aka sanar cewa gasa tana nan. Shugaban kwamitin shirya gasar, Guillermo Cañedo, babban jami'i ne a Televisa ɗin kanta. An buga wasanni da dama, har da na ƙarshe, da ƙarfe goma sha biyun rana cikin zafi, don ya dace da ƙarfe takwas na dare a Jamus da Italiya, Maradona na cikin waɗanda suka koka. Duniya tana tuna gasar da ƙwallayensa. Mutanen birnin kuwa suna tuna ta da ihun da suka yi wa Shugaba Miguel de la Madrid a filin Azteca ranar buɗewa, ihun da ya danne jawabinsa, domin a lokacin dubban iyalai suna nan a matsugunan wucin gadi. Kyamarar da aka kawo don ta nuna ƙasa ta warke ita ce ta kai fushin jama'a kunnen duniya.

Masu cewa a ci gaba da wasa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Mutumin da ya kwana uku yana kallon baraguzai yana buƙatar sa'a biyu da zuciyarsa za ta huta. Wasa yana ciyar da masu gadi da direbobi da masu sayar da abinci, kuma bala'i ba ya ɗauke musu nauyin iyali. Ana iya tara gudunmawa ta allon talabijin fiye da yadda za a tara ta kowace hanya. Sai dai kowa yana iya faɗin waɗannan a kowane lokaci, ko kwana ɗaya bayan bala'i ko wata shida. Ba sa gaya wa mai yanke hukunci ranar da ta dace. Abin da yake nuna ranar shi ne lissafi mai sauƙi: me wasan zai ci, kuma daga hannun wa za a karɓe shi?

Birnin New York ya koyi wannan lissafi da tsada. Guguwar Sandy ta sauka ranar 29 ga Oktoba, 2012, ta kashe fiye da mutum 40 a birnin, kusan rabinsu a tsibirin Staten. Daga wannan tsibiri ake tashin gudun fanfalaki na birnin, wanda aka sa ranar 4 ga Nuwamba. Magajin gari Michael Bloomberg ya ce za a yi, yana kafa hujja da cewa an yi gudun a 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba. To amma a 2001 ba a rasa wuta da mai da ruwan sha ba. A 2012 ana kan ciro gawarwaki daga gidaje, layin mai ya kai sa'o'i, masu otal suna fuskantar zaɓi tsakanin waɗanda suka rasa muhalli da 'yan gudun da suka kama ɗaki tun tuni. Sai jaridar New York Post ta buga hoton manyan janaretoci da aka girke a lambun Central Park don tantin 'yan jarida, alhali unguwanni suna cikin duhu da sanyi. Hoton nan ya gama magana. Ranar Juma'a da yamma aka soke gudun, bayan dubban baƙi sun riga sun sauka. Ranar Lahadi da yawansu suka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin da jakunkuna cike da kayan agaji. Da an soke tun ranar Talata, da an huta da ɓacin ran kwana huɗu.

Japan ta bi ta wannan hanya a 2011, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a can ne aka ga yadda bala'i yake juya talabijin kanta. Girgizar ranar 11 ga Maris da igiyar ruwan da ta biyo baya sun halaka ko sun ɓatar da mutum fiye da 18,000, suka kuma lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Tashoshin kasuwanci suka ajiye shirye-shiryensu, suka kwana suna labarai babu talla ko ɗaya. Da aka dawo da lokutan talla, kamfanoni suka ƙi sa nasu, saboda kowa yana jin kunyar ya tallata giya ko mota a tsakiyar makoki. Sai aka riƙa cike guraben da saƙonnin wata ƙungiyar wayar da kai mai suna AC Japan, saƙo ɗaya ana maimaita shi dare da rana har masu kallo suka gaji suka yi ta ƙorafi. Japanawa suna da kalma ga wannan hali, jishuku, wato kame kai daga nishaɗi don girmama waɗanda abin ya shafa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. A unguwar da aka yi rasuwa ana kashe rediyo, mai biki yakan sallami makaɗa, ba don wata doka ta ce a yi ba.

A cikin wannan yanayi ne rukunin Central na gasar besbol ya ce zai buɗe kaka ranar 25 ga Maris kamar yadda aka tsara. Babbar ƙungiyar rukunin, Yomiuri Giants, mallakar kamfanin jarida ce mai alaƙa da tashar Nippon TV, tana kuma wasa a rufaffen filin Tokyo Dome, wanda ko da rana sai an kunna masa fitilu. A daidai lokacin kamfanin lantarki yana ɗauke wuta unguwa-unguwa a kewayen Tokyo saboda ƙarancinta. Ƙungiyar 'yan wasa, ƙarƙashin Takahiro Arai, ta ƙi amincewa. Gwamnati ta sa baki. Rukunin ya matsa zuwa 29 ga wata, aka ce bai isa ba, daga ƙarshe ya bi sahun rukunin Pacific aka buɗe tare ranar 12 ga Afrilu, aka hana wasan dare a yankunan da wuta ta yi ƙaranci a wannan wata, aka kuma ƙayyade tsawon wasa. Abin lura shi ne, a wannan Maris ɗin aka yi gasar besbol ta makarantun sakandare a filin Koshien da ke yammacin ƙasar, inda babu matsalar wuta, kuma jama'a suka karɓe ta. Wasa iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, mako ɗaya. Bambancin shi ne ɗaya zai ci wutar da asibitoci da jiragen ƙasa suke nema, ɗayan ba zai ci ba. A watan Yuli kuma, lokacin da matan Japan suka doke Amurka da bugun fenareti a Frankfurt suka ɗauki kofin duniya, mutane sun tashi da asuba sun kalla, babu wanda ya ce bai dace ba.

Akwai wata illa da ba a cika ambata ba, wadda take zuwa bayan an koma fili. Kyamara tana nuna inda aka nufe ta ne kawai. Lokacin guguwar Katrina a Agustan 2005, dubun dubatar talakawan New Orleans sun fake a filin Superdome, rufi yana yoyo, babu ruwa, babu makewayi mai aiki, duniya tana kallo. Ranar 25 ga Satumba, 2006 aka sake buɗe filin, ƙungiyar Saints ta doke Falcons ta Atlanta da 23 da 3, mawaƙa suka cashe, tashar ESPN ta samu masu kallon da ba ta taɓa samu ba. Farin cikin mutanen garin na gaske ne, kuma babu mai hurumin raina shi. Amma kusan rabin mazauna birnin ba su dawo ba tukuna, unguwa irin Lower Ninth Ward tana nan kango. Mai kallo daga nesa ya ga fitilu da rufi sabo, ya ɗauka magana ta ƙare. Tausayin da allo ya tara, allon ne ya watsa shi. Wannan nauyi yana wuyan masu watsa wasan: in za su nuna filin da aka gyara, to su nuna titin bayansa.

Su ma 'yan wasa mutane ne, abin da jadawali yakan manta. Ranar Lahadi 5 ga Fabrairu, 2023, Christian Atsu ɗan Gana ya ci wa Hatayspor ta Turkiyya ƙwallon nasara a mintunan ƙarshe. Da ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na asuba ƙasa ta girgiza, benen da yake zaune a Antakya ya rushe. Kwana goma sha biyu mutanen Gana suna jiran labari, har an taɓa sanar da cewa an ceto shi, ashe ba haka ba ne. Ranar 18 ga wata aka samu gawarsa. Fiye da mutum 50,000 suka mutu a Turkiyya. An dakatar da gasar kusan mako uku, Hatayspor da Gaziantep suka janye daga sauran kakar. Da aka dawo, magoya bayan Beşiktaş sun jira agogon wasa ya nuna minti huɗu da daƙiƙa goma sha bakwai, suka yi ruwan 'yan tsana a cikin fili don yaran yankin, a wasu filayen kuma aka yi ta kiran gwamnati ta sauka.

A watan Satumba na 2023 aka ga akasin haka a Maroko. Girgizar daren Juma'a 8 ga wata ta kashe kusan mutum 3,000 a duwatsun kudu da Marrakesh. An ɗage wasan Maroko da Laberiya da za a yi a Agadir, 'yan wasan Maroko suka je ba da jini. Amma Gambiya da Kongo suna cikin Marrakesh ɗin kanta, saboda filin Gambiya bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba. 'Yan wasan ƙasashen biyu sun kwana a waje saboda tsoron gini. Kocin Gambiya, Tom Saintfiet, ya fito fili ya ce bai dace a buga ba. Aka ce su buga, suka buga ranar Lahadi, aka tashi biyu da biyu, Gambiya ta samu gurbi a gasar cin kofin Afirka. A wannan sa'a, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga filin, mutane suna tonon 'yan'uwansu da hannu. Wasa na ƙasa da ƙasa ba ya yiwuwa sai da 'yan sanda da likita da motar asibiti a tsaye a bakin fili. Da wuya a samu hujjar da za ta wanke wannan hukunci, ban da cewa mako ne na wasannin ƙasashe kuma jadawali ya matse.

Sifaniya ta zaɓi tsaka-tsaki a 2024, tsaka-tsakin da bai gamsar da kowa ba. Ambaliyar ranar 29 ga Oktoba ta kashe fiye da mutum 220 a yankin Valencia. Hukumar La Liga ta ɗage wasan Valencia da Real Madrid da na Villarreal da Rayo Vallecano, ta ce sauran takwas su gudana, tare da neman gudunmawa ga ƙungiyar Red Cross a kan allo. Diego Simeone na Atletico ya ce wasa a wannan mako ba shi da ma'ana. Kocin Osasuna na lokacin, Vicente Moreno, ɗan garin Massanassa ne, ɗaya daga cikin garuruwan da laka ta binne. Ya fashe da kuka a gaban 'yan jarida, ya jagoranci wasansa, sannan ya wuce gida ya ɗauki shebur. Masu tseren babura kuwa sun fi tsayawa a kan bakansu: Francesco Bagnaia ya ce ba zai yi tsere a Valencia ba ko da zai rasa kambu, aka mayar da tseren Barcelona. A rumfunan kallo na Arewa, abin da ya iso shi ne an goge wasa ɗaya daga allo, da shirun minti ɗaya kafin a busa usur. Mai kallon nesa ba shi da laifi, bai ga lakar ba. Amma yawansa ne ake lissafawa idan an zauna yanke hukunci, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar 13 ga Oktoba, 2019, a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon zari-ruga a Japan, an yanke hukunci biyu mabambanta cikin sa'o'i kaɗan. Guguwar Hagibis ta ratsa ƙasar a daren da ya gabata, koguna suka ɓalle, mutane da dama suka rasu. Tun kafin ta iso an soke wasanni biyu na ranar Asabar. A Yokohama filin yana zaune ne a kan ginshiƙai a cikin wani faffadan fili da aka tanada musamman don ya sha ruwan kogi idan ya cika. Ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, ciyawar wasa ba ta taɓu ba. Ma'aikata suka kwana a wurin, da safe aka duba jiragen ƙasa da hanyoyi, aka ce a buga. Bayan shiru na girmamawa, Japan ta doke Sikotilan da 28 da 21 ta shiga zagayen 'yan takwas a karon farko, fiye da mutum miliyan 50 suna kallo a gidajensu.

Kamaishi da ke arewa maso gabas kuwa ƙaramin gari ne da igiyar 2011 ta kashe masa fiye da mutum dubu. An gina filin wasansa a kan harabar makarantu biyu da ruwa ya share, kuma garin ya yi shekaru yana jiran wasanni biyu kacal. Na farko ya gudana ranar 25 ga Satumba, Yurugwai ta ba Fiji mamaki da 30 da 27. Na biyu, tsakanin Namibiya da Kanada, shi ne na Lahadin 13 ga Oktoba. Ƙasa ta zaftare a tsaunukan kusa, hanyoyi sun toshe, an umarci wasu unguwanni su tashi. Da sassafe aka soke shi. Ƙasashen biyu babu wadda ta ci wasa a gasar, wannan ce damarsu ta ƙarshe. 'Yan Namibiya suka fita gaishe da jama'a a garin Miyako inda suka sauka. 'Yan Kanada suka karɓi shebur da buhuna, suka yini suna kwashe laka daga tituna da cikin gidajen mutanen Kamaishi.